Gurbi, Makwanci da Kuɗin Karatu: Bayani a Kan Matakan Shiga Jami'a a Nijeriya da Yadda Suke Riskar Ɗalibi Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin abubuwa uku da ɗalibi ke fuskanta tsakanin kammala sakandare da zama a ajin farko na jami'a a Nijeriya, wato samun gurbin karatu, da samun wurin kwana, da samun kuɗin da za a yi karatun. An bibiyi yadda hukumar JAMB da jami'o'i suke raba gurabe, da dalilin da ya sa maki mai yawa ba ya tabbatar wa ɗalibi gurbi, da yadda ƙarancin ɗakunan kwana yake sauya shawarar iyaye musamman game da 'ya'ya mata, sannan da tsarin bashin karatu da aka fara aiwatarwa a 2024. Maƙalar ta nuna cewa hukumomi daban-daban ne suke riƙe da waɗannan matakai, kowace da jadawalinta, alhali gida guda ne yake yanke shawara a kansu a lokaci guda, kuma sau da yawa cikin harshen da ba a rubuta ƙa'idojin da shi ba.

Fitilun kalmomi: gurbin karatu, JAMB, ɗakunan kwanan ɗalibai, bashin karatu, fassara

1.0 Gabatarwa

A bakin ɗalibai da iyayensu, maganar shiga jami'a takan taƙaita ne a jimla ɗaya: "admishan ya fito", ko kuwa "bai fito ba". Jimlar tana ɗauke da wata fahimta, cewa gurbin karatu abu ne da yake fitowa daga wani wuri da ba a gani, kamar sakamakon ƙuri'a, wanda ba a tambayar dalilinsa. A haƙiƙa akwai ƙa'idoji rubutattu da suke bayyana dalilin da ya sa wani ya samu wani ya rasa, sai dai suna warwatse ne a cikin kundin bayanai na JAMB da sanarwar jami'o'i da dokokin Majalisar Tarayya, kuma kusan dukansu da Ingilishi suke. Manufar wannan maƙala ita ce tattaro su wuri guda a bayyana su da Hausa, tare da nuna inda suke cin karo da juna. An taƙaita bayanin ga jami'o'in gwamnati, domin su ne mafi yawan 'ya'yan talakawa da na ma'aikata suke nema.

2.0 Wane ne yake ba da gurbi?

Kafin 1978 kowace jami'a ita take shirya jarrabawarta ta kuma ɗauki ɗalibanta. Wannan ya sa ɗalibi ɗaya yakan samu gurbi a jami'o'i biyu ko uku, ya riƙe su duka har lokaci ya ƙure, wasu kuwa su tashi a tutar babu. Bayan da aka ƙara sababbin jami'o'i bakwai a tsakiyar shekarun 1970, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri, matsalar ta ƙaru, sai gwamnatin soja ta kafa JAMB a 1978 domin a riƙa bi ta ƙofa ɗaya. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi, a 2010 aka haɗe jarrabawoyin suka zama ɗaya mai suna UTME, sannan daga 2015 aka koma rubuta ta a kwamfuta gaba ɗaya.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa JAMB ce take zaɓar ɗalibi. Jami'a ce take zaɓa, JAMB kuma ta duba ko zaɓin ya bi ƙa'ida, ta amince ko ta mayar. Akwai kuma hukuma ta uku da ba a cika ambaton ta ba, wato Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, wadda take ƙayyade yawan ɗaliban da jami'a za ta iya ɗauka gwargwadon malamanta da ajujuwanta da kayan aikinta. A fannoni irin su likitanci da shari'a, majalisun da suke kula da waɗannan sana'o'i su ma suna da nasu adadin da ba a yarda a wuce ba. Saboda haka ko da ɗalibai dubu sun cancanci karatun likita a wata jami'a, adadin da aka yarje mata kaɗai za ta ɗauka.

2.1 Maki iri uku da ake kira da suna ɗaya

Babban abin da yake rikita iyaye shi ne kalmar da ɗalibai suka Hausantar suke cewa "katof". Abubuwa uku ake nufi da ita. Na farko shi ne mafi ƙarancin makin da ake amincewa da shi a taron shekara-shekara na JAMB da shugabannin manyan makarantu. A 2024 an tsayar da 140 ga jami'o'i, a 2025 aka ɗaga zuwa 150, daga cikin maki 400. Wannan adadi ba ya ba kowa gurbi. Ma'anarsa kawai ita ce ba a yarda wata jami'a ta sauko ƙasa da shi ba. Na biyu shi ne makin da kowace jami'a take sa wa kanta domin kiran ɗalibai zuwa tantancewa, wanda a manyan jami'o'in tarayya yakan zarce na ƙasa. Na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, shi ne makin sashe, kuma ba a san shi a gaba, domin yawan masu nema da ƙarfin makinsu a wannan shekarar ne suke haifar da shi. Uban da ya ji a rediyo cewa an tsayar da 150, ɗansa kuwa ya ci 210, yana da hujjar zaton an zalunce shi idan gurbi bai zo ba, alhali mai yiwuwa ne sashen da yaron ya nema ya cika da waɗanda suka ci 250 zuwa sama.

Tun daga 2005 jami'o'i suka samu izinin sake tantance ɗalibai bayan jarrabawar JAMB. Hanyar haɗa makin ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Wasu sukan raba makin JAMB gida takwas domin ya koma bisa 50, su ɗauki rabin makin tantancewa su haɗa. A irin wannan lissafi, ɗalibin da ya ci 264 yana da 33, idan ya samu kashi 60 a tantancewa sai a ƙara masa 30, ya tashi da 63. Wanda ya ci 232 kuwa yana da 29, idan ya samu kashi 76 a tantancewa sai a ƙara masa 38, ya tashi da 67, ya sha gaban na farko. Wasu jami'o'in kuma darajar sakamakon WAEC ko NECO suke sakawa cikin lissafin. Duk wanda ya kwatanta makin JAMB na yara biyu kaɗai, bai ga rabin lissafin ba.

Girman gasar ya bayyana ƙarara a 2025, lokacin da ɗalibai sama da miliyan 1.9 suka rubuta jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu suka samu ƙasa da 200. A wannan shekarar ce kuma magatakardar hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa.

2.2 Rabon gurabe

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe gida uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da aka ware wa jami'ar a matsayin yankinta, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin zamani. Mafi yawan waɗannan na ƙarshe jihohin Arewa ne, tare da wasu na Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. Idan sashe yana da gurabe 100, za a fara ɗaukar 45 mafiya maki ba tare da duba jiharsu ba, sannan a dawo kan sauran a cike gida na biyu da na uku. A kan wannan kuma akwai manufar ƙasa da ta tanadi kashi 60 na gurabe ga fannonin kimiyya, kashi 40 ga fannonin fasaha da zamantakewa a jami'o'in gama-gari.

Tushen wannan rabo shi ne aƙidar daidaita wakilcin sassan ƙasa da ta shiga kundin tsarin mulki a 1979, wadda har yanzu take cikin na 1999. An daɗe ana muhawara a kanta, masu suka suna cewa tana danne mai ƙwazo, masu kariya suna cewa ba a yi wa yaron da ya yi sakandare ba malamin lissafi adalci ba idan aka auna shi da wanda ya samu komai. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa a jami'o'in Arewa wannan sassauci ba ya yi wa ɗan Arewa tasirin da ake zato. A Kano ko Zariya ko Sakkwato, akasarin masu nema 'yan jihohin da suke cikin wannan rukuni ne, saboda haka da junansu suke gasa. Inda rabon zai fi yi wa ɗan Jigawa ko ɗan Yobe amfani shi ne jami'o'in Kudu, inda masu nema daga jiharsa ba su da yawa, amma nisa da tsadar rayuwa da rashin dangi su ne suke hana shi waiwayar can. Tun a nan maganar gurbi ta fara cuɗanya da ta masauki.

Akwai kuma batun takardar shaidar asali. Jihar da ake dubawa ita ce ta asalin mahaifi, ba wadda aka haifi yaro ya girma a cikinta ba. Bahaushen da aka haifa a Sabo ta Ibadan ko Agege ta Legas, wanda kakansa ne ya baro Katsina, yakan samu kansa a tsakiya: ƙaramar hukumar da ya girma ba ta ɗauke shi ɗan asali ba, wadda kakan ya baro kuma ba ta san shi ba. Wannan takarda ita ce kuma mabuɗin tallafin karatu na jiha, don haka rashin ta asara biyu ce.

2.3 Karɓa ko ƙi

A 2017 JAMB ta ɓullo da wani tsari na intanet mai suna CAPS, inda duk wani gurbi na halal yake bi. Jami'a takan shigar da sunan wanda ta zaɓa, JAMB ta amince, sai gurbin ya bayyana a shafin ɗalibin, shi kuma ya danna karɓa ko ƙi cikin wa'adin da aka ba shi. Da zarar ya karɓa, an rufe masa ƙofar sauran makarantu a wannan shekarar. Idan ya ƙi, ya koma cikin masu jira, ba tare da wani tabbaci ba. Da yake sakamakon jarrabawar na shekara ɗaya ne, wanda ya ƙi gurbi bai samu wani ba sai ya sake sayen fom ya sake zama.

Ƙananan abubuwa ne suke kayar da ɗalibai da yawa a wannan mataki. Wanda bai ɗora sakamakon sakandarensa a shafin ba, ba za a duba shi ba ko nawa ya ci. Wanda ya rubuta darussan da ba su dace da fannin da ya nema ba, ya fita daga lissafi tun kafin a fara. Manyan jami'o'in tarayya kuma ba su cika waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu ba. Tun da aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa wajen rajista a 2021, wata matsala ta ƙara fitowa fili wadda ta shafi Hausawa musamman, wato saɓanin rubutun suna. Yaro ɗaya yakan zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta WAEC, Muhammadu a katin ɗan ƙasa. Wani an sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a wata takarda, an sa na mahaifi a wata. Al'adar suna ta Bahaushe ba ta san sunan dangi tsayayye irin na Turawa ba, na'ura kuwa harafi take kwatantawa da harafi. Gyaran irin wannan saɓani yakan ci kuɗi da makonni, wani lokaci har wa'adi ya wuce.

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa, sau da yawa mai shagon intanet ne yake cike fom, shi yake riƙe da kalmar sirri, wani lokaci ma shi yake zaɓar fanni. Ba lallai da mugun nufi ba, amma hukuncin da zai shafi rayuwar yaro ya koma hannun wanda yake da layin mutum talatin a bayansa. Gurbin da aka samu ta bayan fage kuwa, wanda bai bi ta CAPS ba, illarsa ba ta bayyana sai bayan shekara huɗu, lokacin da za a tafi yi wa ƙasa hidima a tarar babu sunan ɗalibin a rajistar JAMB.

3.0 Makwanci

Takardar ba da gurbi ba ta ɗauke da alkawarin gado. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2012 ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu domin tantance buƙatun jami'o'in gwamnati ya gano cewa gadajen da ake da su ba su wuce na kusan ɗalibi ɗaya cikin goma ba. An gina wasu ɗakunan tun daga lokacin, ta hannun asusun TETFund da masu hannu da shuni da kamfanonin da suke ginawa su karɓi haya na wasu shekaru kafin su miƙa wa jami'a, amma yawan ɗalibai ma bai tsaya ba.

An tsara tsofaffin jami'o'i ne bisa tunanin cewa ɗalibi a ciki zai kwana, a ciki zai ci. Ɗakunan kwana na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, irin su Amina da Ribadu da Sulaiman da Ɗanfodiyo, shaida ne na wancan zamani. Yadda kwana da abinci suke da nauyi a rayuwar ɗalibi ya bayyana a 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci na yini ya tayar da zanga-zangar da ta nemi a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa, ginin ɗakuna kuma ya ja baya, jami'a ta koma wurin da mafi yawan ɗalibanta suke zuwa da safe su tafi da yamma.

Yau jami'o'i da yawa sukan fifita 'yan ajin farko da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman wajen rabon gado, kuma sharaɗin nema shi ne kammala biyan kuɗin rajista. A nan ne jadawali yake cutar da marar ƙarfi. Wanda sunansa ya fito a jerin farko, mahaifinsa kuma yana da kuɗi a hannu, zai biya ya kama gado a ranar da aka buɗe shafin. Wanda ya fito a jeri na biyu ko na uku, ko wanda sai an jira an sayar da amfanin gona ko dabba, zai iso ya tarar an rabe. Gadon jami'a shi ne mafi arha, amma mai kuɗi a hannu ne yake riga kowa zuwa gare shi. Daga nan sai a shiga raɓe, ɗakin mutum huɗu ya ɗauki takwas, ko a sayi gado a hannun wani ɗalibi da ninkin kuɗinsa, duk da cewa dokar jami'o'i ta hana.

Sauran kuwa sai haya a unguwannin da suke kewaye: Samaru da Hayin Dogo a Zariya, Ɗanbare da Rijiyar Zaki da Ɗorayi a Kano. Kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ga ruwan 'yan garuwa, ga kuɗin adaidaita-sahu kullum, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya nuna wata asarar da ba a lissafa ta: haya tana tafiya ko ana karatu ko ba a yi.

Ga 'ya mace, maganar masauki takan zama ita ce maganar karatun baki ɗaya. A gidaje da yawa na Hausawa, uba zai amince 'yarsa ta tafi wani gari ne idan a cikin makaranta za ta kwana ko a gidan ɗan'uwa. Zaman haya na budurwa ita kaɗai abu ne da al'ada take yi wa kallon tuhuma. A kan wannan sai tsaro ya ƙara nasa nauyin. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka sace ɗalibai da dama, akasarinsu mata. A watan Oktoba na wannan shekarar aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su ma daga masaukinsu na wajen makaranta. Uban da ya ce 'yarsa ta haƙura da gurbin harhaɗa magunguna a wata jiha ta karɓi wani fanni a kwalejin garinsu ba lallai ne maƙiyin boko ba. Irin wannan asara ba ta fitowa a ƙididdigar gurabe, domin a takarda an ba yarinyar gurbi, ita ce ba ta zo ba.

4.0 Kuɗi

A hukumance babu kuɗin koyarwa ga masu digiri na farko a jami'o'in tarayya tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da ake biya ana kiran sa kuɗin rajista ko na hidimomi: jarrabawa, asibiti, laburare, wasanni, ɗakin gwaje-gwaje da makamantansu. Ga mai biya, bambancin suna ne kawai. A 2023 jami'o'in tarayya da yawa, ciki har da Bayero da ta Maiduguri, sun ƙara waɗannan kuɗaɗe ƙari mai yawa, suna kafa hujja da tsadar lantarki da man dizal. Gwamnatin Kano ta amince da biya wa 'yan jihar 7,000 da suke Jami'ar Bayero kuɗin rajista a wannan shekarar, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta. Gwamnatin Kaduna ita ma ta rage kuɗin jami'ar jihar da aka ƙara a 2021. Waɗannan matakai sun ceci karatun yara da yawa, amma hukuncin gwamna ne na lokaci guda, ba haƙƙi ne da uba zai gina lissafin shekara huɗu a kansa ba. Haka tallafin hukumomin sikolashif na jihohi yake: kaɗan ne, kuma ba kasafai yake zuwa a lokacin rajista ba.

4.1 Bashin karatu

Ba wannan ne karo na farko da Nijeriya ta gwada ba ɗalibai bashi ba. An kafa hukumar ba da bashin ɗalibai a 1972, aka maye gurbinta da bankin ilimi a 1993, dukansu suka durƙushe, babban dalili kuwa shi ne gazawa wajen karɓo abin da aka bayar. Dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: kada kuɗin shigar gidan su wuce naira 500,000 a shekara, kuma sai an kawo masu tsayawa biyu daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi da dokar ta ce domin shi aka yi ta, shi ne wanda ba shi da irin waɗannan mutane. Aka soke ta aka kafa sabuwa a watan Afrilu na 2024, wadda ta cire sharuɗɗan biyu, sannan asusun NELFUND ya buɗe shafin nema a watan Mayu na wannan shekarar.

Tsarin yana da kashi biyu. Kuɗin makaranta ana tura su kai tsaye ga makarantar, sannan akwai naira 20,000 a wata da ake tura wa ɗalibin domin ɗawainiyarsa idan ya nema. Babu kuɗin ruwa. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na ribar sana'a. Ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa. Rashin kuɗin ruwa ya kawar da babban abin da zai hana Musulmi karɓa, kuma alƙaluman da asusun ya fitar a farkon aikinsa sun nuna jami'o'in Arewa irin su ta Maiduguri da Bayero a sahun gaba na masu nema.

Sai dai naira 20,000 a wata ba ta kai naira 700 a yini ba, kuma ba ta kai sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. Ga wanda ya samu gado a cikin makaranta, za ta rage zafi. Ga mai haya da hawa adaidaita-sahu, kuɗin mota kaɗai za su iya lashe ta. Wato darajar bashin ta dogara ne ga sakamakon rabon gado, wanda shi kuma ya dogara ga biyan rajista da wuri, wanda shi ne abin da aka nemi bashin dominsa. Asusun ba ya duba buƙatar ɗalibi sai makarantarsa ta shigar da bayanansa ta tabbatar da su, don haka kuɗin sukan iso bayan an rufe rajista. Ɗalibin ya riga ya ranto ya biya, sai ya koma bin makaranta ta mayar masa. A 2025 ƙorafi kan jinkirin mayar da irin waɗannan kuɗaɗe ya yi yawa har hukumar ICPC ta shiga bincike. Kuɗin farko kuwa, na fom da tantancewa da karɓar gurbi da motar zuwa da katifa, babu wani asusu da yake ɗaukar su.

5.0 Inda abin ya shafi masana Hausa

A gidaje da yawa wanda zai yanke hukunci na ƙarshe bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji ba. A rediyo ya ji su, ko daga bakin yaron. Saboda haka kalmar da mai fassara ya zaɓa tana da sakamako. Kafofin yaɗa labarai sun kira shirin NELFUND da "bashin karatu" da "lamunin karatu" da "rancen ɗalibai", a bakin jama'a kuma har "tallafi" ana ce masa. Waɗannan kalmomi ba ɗaya suke ba a kunnen Bahaushe. Tallafi ba a mayar da shi. Rance na ɗan lokaci ne, tsakanin waɗanda suka san juna, a mayar da shi kamar yadda aka karɓa. Lamuni yana ɗauke da ma'anar tsayawa da amincewa. Bashi kuwa, ko da yake an ce hanji ne yana cikin kowa, nauyi ne da ake tambaya a kansa kafin a sallaci gawa. Wanda ya karɓa da sunan tallafi zai ga an yaudare shi ranar da aka fara yankar albashinsa, shi ma asusun zai gamu da abin da ya kashe na 1972. Wanda kuma aka ce masa bashi ne ba a bayyana masa cewa babu ruwa kuma sai an samu abin yi za a biya ba, yana iya hana ɗansa nema. Aikin da aka yi wa nahawu da adabi a ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi na 1990 wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, ba a yi irinsa ga kalmomin gudanar da jami'a ba, kuma "katof" da ma'anoninta uku misali ne na abin da rashin hakan yake jawowa.

Abu na biyu ya fi kusa da gida. Idan sashen da ɗalibi ya nema ya cika, jami'a takan miƙa masa tayin wani fanni ta cikin CAPS, kuma sai ya amince za a sauya. Sassan harsunan Nijeriya suna cikin waɗanda suke karɓar irin waɗannan ɗalibai, waɗanda suka nemi shari'a ko aikin jarida, shi ya sa ake jin "an ba ni Hausa" a maimakon "na zaɓi Hausa". Wasu sukan karɓa da niyyar sauya sashe bayan shekara ɗaya, ba su san cewa sauyin yana buƙatar maki mai yawa da kuma gurbi a sashen da ake son komawa ba. Wasu kuwa sukan ƙi, su yi asarar shekara, domin babu wanda ya gaya musu inda digirin Hausa yake kaiwa: koyarwa, fassara, sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, harkar fim da ɗab'i, da kuma aikin sarrafa harshe a kwamfuta da yake neman masana a yanzu. Tayin yakan bayyana a waya ne da layi ɗaya na Ingilishi da maɓalli biyu, kuma a cikin 'yan makonnin da aka ba ɗalibin ya danna ɗaya, ba kasafai sashen da ake tayin dominsa yake samun hanyar yi masa magana ba, ko da a takarda shafi guda ce da Hausa wadda zai karanta wa mahaifinsa.